An sallamo shi daga asibiti, to wa zai ci tuwo da shi?



Idan ciwo ya kwantar da ɗan Michika, ba a barinsa shi kaɗai. Wannan shaida ce da ko wanda ba ya ƙaunarmu zai ba mu. Da zarar an ji likita ya ce sai an wuce da wane Yola ko Maiduguri, kafin gari ya waye an sa lambar asusu a WhatsApp, na Legas sun turo, na Kano sun turo, masu shaguna a Mubi sun haɗa nasu, an yi sanarwa a masallaci, an yi a coci. Ranar da aka sallamo shi kuma shafi ya cika da Alhamdulillahi da Allah ya ƙara sauƙi. Daga nan a rufe littafin gudummawa, kowa ya kama gabansa.

A cututtuka da yawa hakan ya wadatar. Wanda aka yi wa aikin gwaiwa zai huta 'yan makonni ya koma gona. Amma akwai ciwon da ranar sallama ita ce ranar da wahalar cikin gida take farawa, kuma a kansa muke son mu yi magana yau. Kansar baki ke nan, wadda wasu ke kira sankarar baki ko ciwon dajin baki, mai kama harshe, ko dasashi, ko ganɗa, ko leɓe, ko cikin kunci. Ra'ayinmu shi ne gudummawarmu tana tsayawa da wuri. Muna biyan kuɗin ceton rai, sannan mu bar mutum shi kaɗai da rayuwar da aka ceto.

Ciwon ba baƙo ba ne a duniya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna kusan mutum 390,000 ne suka kamu da kansar leɓe da baki a waccan shekara, kusan 188,000 kuma suka rasu da ita. A Najeriya likitoci sun daɗe suna kuka da cewa yawancin masu ita ba sa zuwa asibiti sai ta yi nisa. Mu ma mun san yadda abin yake tafiya. Gyambo ya fito a gefen harshe, a ce zafi ne, a sha maganin basir. Ya ƙi warkewa, a sayo kafso a kemis. Ya fara wari, a ce jifa ne. Kafin a kai ga likitan da zai yanki ɗan nama ya aika gwaji, an ci wata shida ko shekara. Alhali ƙa'idar mai sauƙi ce: duk gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, a kai wa likita ya gani. Dalilin kawo wannan a nan shi ne, gwargwadon latti, gwargwadon naman da wuƙar likita za ta ɗauka, kuma gwargwadon abin da mutum zai rayu babu shi.

Mu duba abin da maganin yake karɓa a hannun mutum. A tiyata ana iya cire wani ɓangare na harshe, ko a yanke ƙashin muƙamuƙi, ko a huda ganɗa har baki ya haɗe da hanci. Sau da yawa ana buɗe wuya a kwashe kaluluwar da ciwon kan bi ya yaɗu, kuma wannan aikin yakan taɓa jijiyar da ke ɗaga kafaɗa, sai ka ga manomi ya dawo gida ba ya iya ɗaga fartanya sama da kai. Bayan tiyata sai gashi da na'ura, kwana biyar a mako, mako shida zuwa bakwai, wato zuwa talatin ko fiye da haka kaɗan. Babu wannan na'ura a Michika, babu a Mubi. Sai an je irin su Maiduguri, ko Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, a kama ɗaki ko a raɓe a gidan ɗan uwa, ana addu'a kada na'urar ta lalace a tsakiyar magani. Wanda ya tsallake duk wannan ya dawo gida da ransa, jarumi ne. Sai dai bakin da ya dawo da shi ba shi ne wanda ya tafi da shi ba.

Likitocin wannan fanni suna da wata takardar tambayoyi da aka tsara a Jami'ar Washington ta Amurka, wadda suke ba mutum bayan magani don su auna yadda rayuwarsa take. Abubuwa 12 take tambaya: zogi, kamanni, kuzarin aiki, shaƙatawa, haɗiya, tauna, magana, kafaɗa, ɗanɗano, yawu, yanayin zuciya da fargaba. Mu sake karanta su a hankali. In ban da zogi, kusan babu wanda ƙwaya take gyarawa. Yawancinsu a tsakar gida ake cinye su ko a faɗi: wa ke girki, wa ke zama da shi, wa ke haƙurin sauraronsa. Shi ya sa muka ce maganar tamu ce, ba ta asibiti kaɗai ba.

Mu fara da yawu, don shi ne abin da mai lafiya bai taɓa yi wa godiya ba. Hasken na'urar gashi yana ƙona ƙwayoyin kansa, amma a hanyarsa yana lalata gurbin da ke samar da yawu. Wasu yakan ɗan dawo musu bayan shekara ɗaya ko biyu, wasu kuwa ya tafi ke nan. Ku tuna yadda baki yake da la'asar ɗin azumin da ya faɗo a watan Afrilu, sannan ku ƙaddara haka zai kasance dare da rana, ba buɗa-baki. Harshe yana mannewa a ganɗa, mutum ya farka sau huɗu ko biyar cikin dare neman ruwa. Ga hunturunmu na gindin duwatsun Mandara da ke tsaga leɓen mai lafiya ma, ga zafin bazara a bayansa. Irin wannan mutum gorar ruwa ta zama masa kamar sandar makaho. In ya shigo taro ko zaman makoki da 'yar gorarsa yana kurɓa minti-minti, ba rashin ladabi ba ne.

Babu yawu, babu haɗiya mai daɗi. Lomar tuwon dawa da muke jefawa ba tare da tunani ba, a bakinsa sai ta zama kamar dusa. Dambu, gurasa, ƙuli-ƙuli, kilishi, soyayyar gyaɗa, duk sun fita daga hannunsa. Yaji yana ƙuna kamar an zuba a kan gyambo. Abubuwa masu tsami irin su yakuwa da kunun tsamiya da lemun tsami, waɗanda mu muke ba mara lafiya don su buɗe masa baki, shi azaba suke ba shi. Ɗanɗano ma yakan rikice, nama ya koma kamar ƙarfe a baki, shayi ya zama ruwan zafi kawai. To mutum ya zauna gaban kwano sa'a guda bai ci rabin abin da yaro zai ci ba, ya gaji ya ture. Uwargida ta ce ya raina girkinta. Ƙannensa su ce ya cika tsirfa tun da ya dawo daga Abuja. Shi kuwa kullum ramewa yake, kuma ramar nan ba ƙaramin haɗari ba ce, don jikin da bai samu abinci ba ba ya gyara raunin tiyata.

Abin farin ciki, maganin wannan yana cikin rumbunmu, ba sai an sayo gwangwanin kanti mai tsada ba. Kunun gyaɗa da Adamawa ta yi suna da shi, in aka dama shi da kauri aka ƙara madara, abinci ne sosai. Miyar kuɓewa da ta kuka da ta karkashi, saboda yauƙinsu, suna yi wa loma aikin da yawu ya daina yi, muddin an rage barkono kuma miyar ta fi tuwon yawa. Faten wake da aka tuƙe ya yi laushi, alale mai ruwa-ruwa, dafaffen ƙwai da aka murƙushe cikin romo, kifin da aka cire wa ƙaya, fura da kindirmo marar tsami, madarar waken suya, ayaba, gwanda, kabewa. A riƙa zuba cokalin man gyaɗa ko man shanu a cikin abincinsa don kaɗan ɗin da zai iya ci ya riƙe shi. A ba shi sau shida a rana maimakon sau uku, da ɗumi-ɗumi ba da zafi ba, yana zaune a miƙe ba a kishingiɗe ba. In ana ganin yana yawan ƙwarewa da tari lokacin shan ruwa, ko muryarsa tana canzawa bayan haɗiya, ko zazzaɓi yana yawan kama shi, wannan ba na gida ba ne, alama ce abinci yana zamewa zuwa huhu, a koma wa likita. Wanda kuma aka sa wa robar abinci ta hanci ko ta ciki, kada a ɗauka alamar mutuwa ce. Mutane da yawa suna amfani da ita na wani lokaci a cire.

Sai dai duk wannan ƙarin aiki ne, kuma mun san a kan wa yake faɗawa. Tukunya biyu a gidan da itacen tukunya ɗaya ma sai an yi dabara. Matar da ta yi wata uku tana kwana a barandar asibiti, ita ce za ta dawo ta ɗora wannan. In za mu kai gaisuwa, kwanon gyaɗa da kiret ɗin ƙwai da galan ɗin mai sun fi lemun kwalba amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda abin ya fi yi mana ciwo. Mu mutane ne masu ci a kwano ɗaya. Maza a zaure ko gindin bishiya, mata a tsakar gida, a nan ake hira, a nan ake shawara, a nan ake sanin wa ke cikin dangi. Mai kansar baki yakan dawo da fuskar da ta shafe a gefe ɗaya, leɓen da ba ya rufuwa sosai, yawu ko kunu yana dalala bai ji ba saboda jijiyar wurin ta mutu. Wani lokaci ruwa ya fito masa ta hanci. Ba wanda zai ce masa tashi. Abin da ake yi ya fi haka laushi kuma ya fi haka zafi: a ware masa kofi, a ware masa kwano, a ce a kai masa nasa ɗaki don ya fi sakewa. Yara su ga yadda manya ke yi su ma su ja baya. A hankali shi da kansa zai daina fitowa, ya naɗe fuska da rawani ko ta ja mayafi har hanci, a daina ganinsu a biki da suna da kasuwa.

Mu faɗa da babbar murya: kansa ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarta a kofi, ba a ɗaukarta a cokali, ba a ɗaukarta a musafaha ko a shimfiɗar aure. Wanda aka yi wa gashi da na'ura daga waje kuma ba ya dawowa da wani haske a jikinsa da zai cutar da jariri ko mai ciki. Idan shi ne ya fi son ya ci a keɓe saboda yana jin nauyi, a girmama shi, amma wani ya ɗauki nasa kwanon ya bi shi ɗakin. Babban wa ko aminin da ya zauna ya sha kunu a kofin da aka ware, a gaban kowa, ya yi wa gidan wa'azin da babu malamin da zai iya.

Akwai wata magana da muke roƙon kowa ya haddace, ko da ya manta sauran. Wanda aka taɓa yi wa gashi a baki ko muƙamuƙi, kada ya yarda a cire masa haƙori a ko'ina sai a hannun likitan haƙorin da ya san tarihinsa. Yawu shi ne ke wanke haƙora, in ya ƙafe sai su fara ruɓewa da sauri, har waɗanda ba su taɓa ciwo ba. Ciwon haƙori kuwa ba ya jiran kuɗin motar Yola. Ga mai cire haƙori nan a kasuwa da filayarsa, kuɗi kaɗan, minti biyar. Matsalar ita ce ƙashin da aka gasa jini ba ya gudana a cikinsa kamar da. In aka tumɓuke haƙori, ramin yana iya ƙin rufewa, ƙashin ya mutu ya fara ruɓa, har a kai ga sake yanke muƙamuƙi. Wannan haɗarin ba ya ƙarewa bayan shekara ɗaya ko biyar, yana nan muddin rai. Mutum ya tsira daga kansa, filayar kasuwa ta mayar da shi ɗakin tiyata. Rigakafin kuwa araha ne: buroshi mai laushi, man goge baki mai fuloraid safe da dare, kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, rage alewa da shayi mai sukari da yawa, da ganin likitan haƙori ko ba a jin ciwo. Mai son asuwaki ya tauna shi ya yi laushi sosai, kada ya ƙurje dasashi.

Haka nan muƙamuƙi yakan sandare. Tabon tiyata da na gashi suna ɗaure naman da ke buɗe baki a hankali, cikin watanni, ba tare da an lura ba. Gwajin gida shi ne mutum ya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. In ba su shiga ba, baki ya fara rufuwa. Likitoci suna koyar da motsa muƙamuƙi sau da yawa a rana, wasu ma da 'yan sandunan katakon nan da ake danne harshe da su, ana jera su ana ƙara ɗaya-ɗaya. Abu ne mai gundura, kuma wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki zai bari cikin mako biyu. Yana buƙatar ɗa ko ƙane mai naci da zai riƙa tuna masa. In aka bari baki ya kulle, buɗe shi ya fi hana shi kullewa wuya ƙwarai.

Sai magana. Harshe shi ne jarin mutanenmu da yawa. Ɗan Michika an san shi da kasuwanci, kuma ciniki da baki ake yi. Malamin firamare, ladan, mai wa'azi, mai waƙa a ƙungiyar mata ta coci, kwandastan mota, dillalin shanu a kasuwar Mubi, duk da harshe suke ci. In an yanke rabinsa, haruffa irin su ta da da da ra da sa suna gudu, a waya kuwa abin ya fi muni. Abokin ciniki ya ce me ka ce sau biyu, a na uku ya wuce shagon gaba. Ƙwararrun da ke koyar da magana da haɗiya bayan irin wannan aiki ƙalilan ne a ƙasar nan, kuma a manyan asibitocin koyarwa ake samunsu. Amma magana tana gyaruwa da yawan yi, kunnen mutanen gida kuma yana sabawa. Abin da ke kashe ta shi ne a riƙa ƙarasa wa mutum zancensa, ko a juya a tambayi matarsa me yake nufi alhali yana zaune. Ga masu damuwa da cewa karatun sallarsu ba ya fita daidai, ko ba za su iya azumi da busasshen baki ba, malamanmu su taimaka su yi musu bayanin sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya. Wasu suna ɗauke da wannan damuwa a zuci, kunya ta hana su tambaya.

Wani abin takaici shi ne wasu daga cikin gyare-gyaren nan tsofaffi ne ƙwarai. A shekarar 1893 an yi wa shugaban Amurka na lokacin, Grover Cleveland, tiyata a asirce a cikin wani jirgin ruwa, aka cire masa wani ɓangare na muƙamuƙin sama da ganɗa saboda ƙari. Likitan haƙori ya ƙera masa abin toshe ramin da roba, ya ci gaba da jawabi a gaban jama'a, yawancin mutane ba su san abin da ya faru ba sai bayan shekaru. Ya rayu har 1908. Yau fiye da shekara 130 ke nan. Irin wannan marufin ganɗa har gobe ana yinsa a sassan haƙori na asibitocin koyarwa, yana hana abinci bi ta hanci, yana dawo da murya. Amma mutumin ƙauyenmu zai iya shekara yana toshe ramin da auduga ko tsumma, don kuɗin gudummawa ya ƙare a kan tiyata, kuma ba wanda ya gaya wa danginsa cewa akwai sauran mataki ɗaya.

Ba za mu tsallake maganar zuciya ba. Binciken da aka yi a ƙasashen da ke ajiye alƙaluma ya nuna masu kansar kai da wuya suna cikin waɗanda baƙin ciki mai tsanani ya fi kamawa a tsakanin masu kansa, har da tunanin halaka kai. Ba abin mamaki ba ne, don tabon mama ko na ciki riga tana rufe shi, na fuska kuwa shi ke fara gaisawa da mutane. Mu a nan mun san nauyin zuciya. Garin da aka mamaye a watan Satumba na 2014, mutane suka watsu duwatsu da Yola da Kamaru, aka dawo aka tarar da kango, ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda mutum ke tsira da rai amma ya kasa barci. In mai jinya ya daina magana, ya daina wanka, yana cewa gara da an bar shi ya tafi, kada a tsaya ga ce masa ya yi tawakkali. A yi masa addu'a, a kuma kai shi ga likita, don wannan ma ciwo ne mai magani. Mata kuma nasu ya ninka. Namijin da fuskarsa ta canza galibi matarsa tana nan. Macen da tata ta canza, sau nawa muka ji an ce ta je gida ta huta tukuna, hutun da ba a zuwa biko? Dattawan da ke shiga tsakani a rikicin gona da na gado, wannan ma hurumin su ne.

Komawa asibiti shi ne inda kuɗi ke sake shigowa. A shekarar farko likita yakan so ganin mutum duk bayan wata ɗaya zuwa uku, sannan a riƙa tazara har a kai shekara biyar, saboda in ciwon zai dawo, ya fi dawowa a cikin shekara biyu zuwa uku na farko, kuma in an kama shi da wuri akwai abin yi. Wanda aka gasa wa wuya kuma ana son a riƙa duba jininsa lokaci-lokaci, don gashin yakan raunana ƙullin tayirod da ke gaban maƙogwaro, mutum ya riƙa jin kasala da sanyi a ɗauka lalaci ne, alhali ƙwaya ɗaya a rana ce maganinsa. To a lissafa hanya: daga Michika a bi ta Uba, Mararraba, Hong, Gombi, Song, kafin a shiga Yola a kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Mutum biyu, zuwa da dawowa, da kwana, a farashin man fetur na bayan cire tallafi a 2023. Wanda aka yi wa aiki a Zariya ko Abuja kuwa nasa ya ninka. Iyalin da suka sayar da shanu da gona ba za su faɗa mana ba su da kuɗin mota ba. Za su ce ai ya ji sauƙi, sai an ga hali. Haka ake rasa ranar likita ta farko, ta biyu, har sai wani ƙullutu ya fito a wuya.

A nan ne kuma abokai ke da rawar takawa. Taba sigari, garin taba da ake cusawa a leɓe, da giya ko burkutu, su ne manyan masu jawo wannan ciwo, kuma haɗa taba da giya ya fi kowanne shi kaɗai illa. Wanda ya koma musu bayan magani yana buɗe wa ciwon ƙofa da hannunsa. Majalisar da ta karɓe shi da murna sannan ta miƙa masa kara ɗaya don tsohon zumunci ba ta yi masa zumunci ba. Haka masu tallan maganin kansa na gargajiya a Facebook da TikTok, da ke cewa a shafa wani abu mai ƙuna a kan tabo don kashe saiwar ciwon. Naman da aka gasa ba ya jure irin wannan.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Aljihun jama'a ɗaya ne, marasa lafiya kuma ba sa ƙarewa. Ga mai naƙuda tana jiran jini, ga yaron da mota ta buge, ya za a ɗauki kuɗi a ba wanda aka riga aka sallama? Amsarmu ita ce a duba girman kuɗin. Abin da ake kashewa a tiyata da gashi miliyoyi ne. Abin da shekarar bayan sallama ke buƙata, kuɗin mota ne, da ƙwai, da man goge baki, da marufin ganɗa, wanda bai kai ko kusa da wancan ba. Wanda ya gina ɗaki ya kai linta ba ya cewa kuɗin kwano ɓarna ne. In aka bar mutum ya rame, ko ƙashinsa ya ruɓe, ko ciwon ya dawo ba a gani ba, miliyoyin farko ne suka tafi a banza, kuma mu ɗin dai za a sake turo wa lambar asusu.

Akwai wurin da aka gane wannan a Arewa. Asibitin Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana kula da masu cutar noma, wadda ke cin fuskar yara masu fama da rashin abinci mai gina jiki. Ba kansa ba ce, amma abin da take bari ya yi kama: ramin fuska, kullewar muƙamuƙi, wahalar ci, gudun mutane. A can, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki da su tun 2014, ba a tsaya ga tiyata ba. Akwai masu kula da abinci, masu motsa muƙamuƙi, masu ba da shawara kan damuwa, da masu bin mutane har garuruwansu. Najeriya ce kuma ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamba na 2023. Ke nan ilimin yana nan a ƙasarmu, da Hausa ma ake yinsa. Babban da kansa ta ci wa fuska bai kamata ya rasa irinsa ba.

Ga hukuma kuma muna da buƙata takamaimiya. Asusun tallafa wa masu kansa da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da kansa iri uku: ta mama, ta bakin mahaifa, da ta furostet ta maza. Ba mu ƙi ba, su ne suka fi yawa. Amma wakilanmu na Michika da Madagali a Majalisar Tarayya, da sanatan Adamawa ta Arewa, su riƙa tambaya a ina mai kansar baki zai tsaya. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu don marasa galihu, jiharmu kuma tana da hukumarta ta ASCHMA. Wanda ya rasa sana'arsa saboda an yanke masa harshe, in bai shiga layin marasa galihu ba, wa zai shiga? Muna kuma roƙon a ƙarfafa sashen haƙori a manyan asibitocin Michika da Mubi, a haɗa su da likitocin Yola da Maiduguri ko ta waya ce, yadda duba baki na wata-wata zai yiwu a kusa da gida, a bar doguwar tafiya sai ga abin da ya zama dole.

Abin da ke hannunmu kuwa ba ya jiran kowa. Shawarar da muke so a kawo a zama na gaba ita ce, duk lokacin da aka buɗe gudummawa don mai irin wannan ciwo, a cire wani kaso tun daga farko, ko ɗaya cikin goma ne, a ajiye wurin ma'aji da sunan shekarar bayan sallama, kada a taɓa shi sai don kuɗin motar komawa asibiti da abinci da haƙori. A sa mutum biyu, namiji da mace, su riƙe ranakun likita a wayarsu, su kira kwana uku kafin ranar. 'Yan uwanmu ma'aikatan jinya da ke cikin wannan shafi su taimaka a rubuta wa kowane mai jinya 'yar takarda da Hausa da Turanci, mai cewa an yi masa gashi a baki a wuri kaza, shekara kaza, kada a cire masa haƙori sai an tuntuɓi likitansa, a lulluɓe ta da leda ya riƙa yawo da ita a aljihu. 'Yan kasuwarmu kuma, wanda yake da wurin da ba a buƙatar yawan magana, riƙon sito ko rubuta lissafi ko kula da na'urar POS, ya sanar da shugabanni ta akwatin saƙo.